Komawar Gansakuka Kan Duwatsun Bakin Kainji

Tun da aka datse kogin Kwara a Kainji cikin shekarar 1968, ruwa ya malale gungunan Gungawa da fadamun Yauri da Ngaski, sai gaɓar tafkin ta shiga wani hali wanda ba ta saba da shi ba, domin a kowace shekara ruwan yakan ja da baya kimanin mita 10, ya bar duwatsu a fili, rana ta ƙone abin da ke kansu ƙurmus, har wanda ya gan su a ƙarshen bazara ya rantse babu sauran rai a jikinsu. Amma da farin ruwa ya iso cikin damina, baƙin ruwan da ya taso tun daga Futa Jalo kuma ya biyo sawunsa da hunturu, sai al'amarin ya sauya.

Komawar tana da tartibi, kuma a nan hikimar Ubangiji take. Abin da ke fara sauka shi ne wani santsi wanda ido ba ya gani, sai dai ƙafar Basarke ta shaida shi idan ya taka zai ja jirgi. Wannan kuwa taron ƙananan halittu ne da ruwa ya ɗauko. A kansa koriyar gansakuka ke kafa zarenta, tana farawa daga tsagar dutse, inda ɗan laima ya ɓoye irinta tsawon watannin zafi, sannan ta bazu kamar yaɗo. Daga nan katantanwa da 'ya'yan karfasa su zo kiwo, su rage ta, su buɗe wa wasu gurbi. Inda laka ta taru kuwa, burgu ke kamawa.

Haka ciyawar teku take yi a gaɓar duwatsu. A 1967, da jirgin Torrey Canyon ya zubar da mai a gaɓar Ingila, maganin da aka kwarara don wankewa ya kashe dodon koɗin da ke kiwon dutse, sai koriyar ciyawa ta rufe ko'ina, mai ruwan ƙasa ta biyo baya, kuma wuraren da aka fi zuba maganin sun kai shekara 10 ko fiye kafin su daidaita. A ganina wannan ya isa gargaɗi ga masu zuba guba a ruwan Shanga ko Wara don kama kifi, saboda janyewar ruwa ba ta ƙarar da iri da masu kiwo, guba kuwa har cikin tsagar dutse take bin su.