Ƙudan Zuma a Kan Igiyar Shanya

Ruwa ne ke kawo ƙudan zuma kan shanya, musamman a bazara. Tsutsotsinsu ba sa girma sai zafin cikin amya ya tsaya wajen digiri 35. Idan rana ta ƙwalle, wasu kan fita ɗibar ruwa su shafa a jikin saƙa, sauran su yi ta fifita da fukafukai har amyar ta huce. A watan Afrilu, lokacin da kududdufai suka ƙafe, jiƙaƙƙen tawul ya fi musu bakin rijiya, don suna tsotsa ba fargabar nutsewa. Ƙamshin furanni da ake sa wa omo da sabulu yana ƙara jawo su, haka ma launin shuɗi da rawaya.

Duk da haka har yau ana jin masu cewa turo su aka yi, a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya laifi. Maganar ba ta da kai. Abin da aka turo wa mutum ba zai bar shi tsaye ya je ya manne wa zani ba, kuma ba zai watse da zarar zanin ya bushe ba. Yawan da suke ƙaruwa kullum ma ba asiri ba ne: wanda ya samu ruwa yakan koma amya ya nuna wa 'yan'uwansa wurin ta hanyar wata rawa, wadda wani masani mai suna Karl von Frisch ya fayyace, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1973. Mai ɗibar ruwa ba faɗa ya fito ba. In ya harbi mutum, shi ma mutuwa yake yi.

Fesa fiya-fiya a kan shanya ganganci ne, domin gubar tana zama a rigar da yaro zai sa. Kai musu duka ma tsokana ce, tunda wanda ya yi harbi yana sakin wani wari mai kiran sauran. Gara a ajiye kasko da ruwa da tsakuwa a can nesa da igiya, kada a bari ya ƙafe. A rage omo mai ƙamshi, a ɗauraye sosai, a kwashe shanya bayan magariba. Kafin ninki a kakkaɓe, a duba aljihu da hannun riga, balle kayan jarirai. Wanda aka harba ya kankare ƙarin da farce nan take. In fuska ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti ba jinkiri.