Sabbin Ofisoshi a Tsofaffin Garuruwan Kudancin Kano

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada har Doguwa, sabbin ofisoshi kamanninsu ɗaya: bulon siminti, rufin kwano, manyan tagogin gilashi. Kusa da su kuma ga gidan hakimi ko tsohon masallaci mai kaurin bango da zanko, ba abin da ya haɗa su.

Dalilan ba na banza ba ne. Yankin nan ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, musamman wajen dajin Falgore, ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe a kai a kai, abin da kasafin ƙaramar hukuma ba ya tanada. Azara ta yi wuya saboda saran giginya, maginan da suka iya ɗaurin guga da makuba suna tsufa ba magada. Amma babban dalilin yana cikin zukata. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, siminti ya zama alamar ci gaba a Bebeji da Kiru, tubali kuwa alamar rashi. Zanen ofisoshin ma a birni ake yinsa, a miƙa wa ɗan kwangila ya maimaita shi ko'ina.

Lokacin bazara ake ganin sakamakon. Gilashi ya tara zafi, sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da janareta. Ranar da babu mai, gindin bishiya ma'aikata ke komawa. Abin da ya fi damuna shi ne rashin zaure: dattijon da ya zo neman takarda sai ya tsaya a rana. Liƙa zankon siminti a kusurwa, yadda wasu ke yi, ado ne kawai.

Mafita tana kusa. Gidan Ɗan Hausa a Kano ginin ƙasa ne, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu na aiki a cikinsa. A Dandaji ta Nijar, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu.

Shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, kafin ku sa hannu a wani zanen, ku nemi kaurin bango da zaure da tsakar gida, ku kuma zaunar da Sarkin Magina tare da mai zanen.