Zaɓen Hanyar Hawa da Saukar Dutsen Mont Blanc

Mazaunin Vaulx-en-Velin, wani gari da ke kusa da birnin Liyon a ƙasar Faransa, in ya hau tudun Fourvière ran da sarari ya yi garau, yakan hangi wani farin tsauni can gabas. Shi ne Mont Blanc, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Yammacin Turai. Da aka auna shi a 2023 an sami mita 4,805 da ɗan ɗoriya. Tun ran 8 ga Agusta 1786 Jacques Balmat da Likita Michel Paccard suka fara taka ƙololuwarsa, amma har yau mai niyyar hawa sai ya yi shawarar hanyar da zai bi.

Wadda aka fi bi ita ce hanyar Goûter. Ƙaramin jirgin ƙasa ke ɗaukar mutum daga Saint-Gervais zuwa Nid d'Aigle, sa'an nan ya taka da ƙafa har masaukin Tête Rousse, mita 3,167. Gaba kaɗan akwai wani kwazazzabo, Grand Couloir, wanda tilas a ratsa shi. Masana sun ƙidaya mutum 102 da suka halaka a wannan yanki tsakanin 1990 da 2017.

Dalili kuwa shi ne, ƙanƙarar da ke cikin tsagar duwatsu ita ke riƙe su kamar danƙo. In rana ta ɗaga, sai ta narke, ruwa ya kwarara cikin tsagar, duwatsu su saki su gangaro. Da safe ba su cika faɗowa ba; daga la'asar zuwa magariba ne abin ke tsananta. To, mai hawa yana iya ratsa wurin da sassafe, amma in ya kai ƙololuwa ya juyo, lokacin nan mai hatsari ne zai iske shi a bakin kwazazzabon. Ga shi kuma a gajiye, gama iskar da ya shaƙa a can bisa kaɗan ta ɗara rabin ta bakin teku. Saboda haka gwanayen ja-gora sukan fara lissafi daga saukowa: ko a sake kwana a masaukin Goûter, mita 3,835, ko a yanka sa'ar da za a juyo, an kai ko ba a kai ba.

Akwai kuma hanyar Trois Monts, wadda ke farawa daga Aiguille du Midi, mita 3,842, inda keken igiya ke sauke mutane. Nan ba a ratsa kwazazzabon, sai dai manyan curin ƙanƙara na rataye bisa hanya, su kuwa ba su da lokacin faɗowa. Ran 12 ga Yuli 2012 ƙanƙara ta zubo a Mont Maudit, mutum 9 suka rasu. Waɗansu kan hau ta nan su sauka ta Goûter, watau su ma kwazazzabon na jiransu da yamma.

A Agustan 2022 zafi da fari suka sa duwatsu suka yi ta zubowa, har magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya rufe masaukan Tête Rousse da Goûter wajen mako biyu.