Hawasha, kambo da kuɗin karatun yara

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a Sudan a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, Hausawan da suka yada zango a hanyar Makka suka kasu gida biyu. Kaɗan sun samu hawasha, wato gonar da hukuma ke yanka wa manomi. Mafi yawa suka zama 'yan ƙodago, suna zaune a kambo, bukkoki a bakin magudanar ruwa, a filin da ba nasu ba. A ganina, har gobe wannan rabuwar ce ke yanke abin da uba zai iya kashewa a karatun ɗansa.

A rubuce, firamare kyauta ce; tsarin mulkin Sudan na 2005 ya ce haka. Amma majalisar iyaye ce ke haɗa kuɗin alli da gyaran aji. Ga kayan makaranta, ga littattafai, ga kuɗin fatur, abincin hantsi da yaro ba ya iya zama a aji ba tare da shi ba. Mai hawasha yakan ci bashi, ya biya da kakar gyada ko alkama. Mutumin kambo fa? Abin da ya samo yau shi za a ci yau, kuma duk yaron da ya tura aji, hannu ɗaya ya ragu ranar tsinkar auduga. Wannan asarar ce ta fi damuna, don ba mai sa ta a lissafi. Sau da yawa uwa ce ke rufa asiri, da cinikin soyayyar gyada a ƙofar gida.

Kada kowa ya ce mutanen nan ba sa son ilimi. Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da karatu aka san shi. Halwa, makarantar allonsu, allo da tawada kawai take nema, shi ya sa talaka ke fara kai ɗansa can.

Sai rashin zaman lafiya. Rikicin 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi ya kori iyalan Hausawa da yawa daga gidajensu. A Disambar 2023 yaƙi ya ci Wad Madani, azuzuwa a garuruwan da jama'a suka gudu zuwa cikinsu suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Jarrabawar kammala sakandare ta 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 aka yi ta, kuma ɗaliban yankunan da ake yaƙi sai wanda iyayensa suka iya biyan kuɗin mota zuwa wani gari ya samu zama.