Yaya Ake Auna Abin Da Ɗalibin Tattalin Arziki Ya Koya?

A shekarar 2005 wasu masana biyu, Paul Ferraro da Laura Taylor, suka halarci babban taron masana tattalin arziki na Amurka ɗauke da tambaya guda. Ga tambayar a taƙaice: an ba mutum tikitin kallon wasan wani mawaƙi kyauta, kuma ba shi da damar sayar da shi. A daren nan kuma wani mawaƙin yana nasa wasan, tikitinsa dala 40, mutumin kuwa zai iya biyan har dala 50 don ya kalle shi. Idan ya tafi wasan kyautar, mene ne darajar abin da ya bari? Amsoshin da aka jera su ne sifiri, dala 10, dala 40 da dala 50.

Amsar ita ce dala 10, domin daɗin da ya bari ya kai na dala 50, amma da sai ya fitar da 40 kafin ya same shi. Wannan darasi ne na makon farko a ajin tattalin arziki, kuma Bahaushe ya daɗe da saninsa, shi ya sa ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma cikin masana kusan 200 da aka tambaya, kashi 21.6 cikin ɗari ne kawai suka dace. Da canki-canka suka yi, da an sa ran kashi 25 su dace. Wasu masana sun soki yadda aka tsara kalmomin tambayar, sai dai duk da haka sakamakon ya farfaɗo da wata tsohuwar damuwa: shin takardar digiri shaida ce ta fahimta?

Jarrabawar ƙarshen zango ba ta isa ta warware wannan ba. Malamin da ya koyar shi ne ya tsara tambayoyin, shi ne kuma ya duba amsoshin. Maki 70 a wata jami'a ba lalle ne ya yi daidai da 70 a wata ba. Bugu da ƙari, makin bai nuna abin da ɗalibi ya shigo da shi daga gida ko daga sakandare ba. Wanda yake son sanin girman da shuka ta yi a mako guda dole ne ya auna ta sau biyu da ma'auni ɗaya, a farko da ƙarshe. Haka abin yake ga ilimi.

A kan wannan tunani aka samar da wani gwaji a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, wanda ake kira TUCE, wato gwajin fahimtar tattalin arziki a matakin jami'a. Bugu na huɗu ya fito a 2007 daga hannun William Walstad da Michael Watts da Ken Rebeck. Kashi biyu ne: ɗaya kan harkokin kasuwa da kamfanoni da magidanta, ɗaya kan tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, kowanne da tambayoyi 30 masu zaɓi huɗu. Ana ba ɗalibai a farkon zango, a sake ba su a ƙarshe. Da aka gwada shi a kan dubban ɗalibai, matsakaicin maki a kashin farko ya tashi daga kimanin 9 zuwa kimanin 13. Mai karatu ya tuna cewa canki kaɗai yana iya ba mutum 7 ko 8.

To yaya za a fassara ƙarin maki 4? A nan masana kimiyyar fiziya sun ba da hanya. A 1998 Richard Hake ya nazarci sakamakon ɗalibai fiye da 6,000, ya auna ƙarin da kowane aji ya samu da abin da ya rage masa ya koya tun farko. Alal misali, ajin da ya tashi daga kashi 40 zuwa 70 ya cike 30 cikin giɓin 60, wato rabi. Hake ya gano cewa azuzuwan da malami ke ta bayani ɗalibai na kwafa sun cike kimanin kashi 23 cikin ɗari na giɓinsu, waɗanda ake tattaunawa da warware matsaloli a cikinsu kuwa sun cike kimanin kashi 48. Idan aka yi wannan lissafi ga TUCE, 4 cikin giɓin 21 bai kai ɗaya bisa biyar ba.

Sai dai tambayoyi masu zaɓi ba sa auna komai da komai. Saboda haka ne W. Lee Hansen na Jami'ar Wisconsin ya kawo wata shawara a 1986: a daina tambayar darussa nawa ɗalibi ya zauna, a tambayi abin da zai iya yi. Ya jera ƙwarewa biyar: nemo ilimin da ake da shi, nuna cewa an riƙe shi, fassara shi, aiki da shi, da ƙirƙiro sabo. A 2001 ya ƙara ta shida, wato sarrafa alƙaluman tattalin arziki da fassara su. Irin wannan ƙwarewa da aiki ake gane ta: a miƙa wa ɗalibi jadawalin farashin masara na shekara biyu, a ce ya bayyana dalilin da ya sa yake sauka da kaka ya hau da damina, cikin shafi biyu da ɗan kasuwa zai fahimta.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta maye gurbin ta 2007, kuma a ƙarƙashin kowane darasi an rubuta abin da ake sa ran ɗalibi zai iya idan ya kammala. Rubuta buri abu ne mai sauƙi, auna shi ne aikin da ya rage wa sassan jami'o'i.

Malamin sakandare ma ba sai ya jira jami'a ba. Yana iya tsara tambayoyi goma masu buƙatar tunani, ya ba ɗalibai a makon farko ba tare da ya sa makin cikin sakamakonsu ba, ya sake ba su a makon ƙarshe, sannan ya duba tambaya bayan tambaya. Inda yawancin aji suka zaɓi amsa ɗaya marar daidai a karo na biyu, nan ne ya kamata ya sake salon koyarwa a zango mai zuwa. Ɗalibi kuma ya gwada kansa: ya rufe littafi, ya ɗauki darasin jiya ya bayyana wa ƙanensa da misalin kasuwar garinsu. Idan ya kakare, ya san inda zai koma ya karanta.