Tseren Motar Manoma: Abin Da Kura Da Bunkure Za Su Gane A Wasan NASCAR

Ranar 30 ga Oktoba, 2022, a filin tsere na Martinsville da ke jihar Bajiniya a Amurka, wani direba mai suna Ross Chastain ya shiga zagayen ƙarshe yana na 10, kuma in ya ƙare a haka, an fitar da shi daga neman kambun shekara. Da ya tunkari kwanar ƙarshe, inda kowa ke taka birki, shi sai ya ƙara giya, ya jingina gefen motarsa da katangar filin, ya danne totur har ƙasa. Motar ta bi katanga tana gurzuwa, ta wuce motoci biyar cikin 'yan sakanni, ya ƙetare layin ƙarshe yana na 5. Gefen motar ya tashi daga aiki, amma ya tsallake. Bayan wata uku hukumar wasan ta haramta wannan dabara.

Chastain ɗan manoman kankana ne daga garin Alva a jihar Fulorida, sana'ar da gidansu ya gada kaka da kakanni. Duk ranar da ya ci tsere, kan motarsa yake hawa, ya ɗaga kankana ya fasa ta da ƙasa. Manomin rani na Bunkure da ya ga hoton zai iya cewa an yi ɓarna, amma zai gane ɗan'uwansa. Wannan wasa, duk da biliyoyin dalolin da ke yawo a cikinsa yanzu, a karkara aka haife shi, a hannun manoma da makanikai.

Asalinsa ba abin alfahari ba ne. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta haramta barasa, kuma ko bayan an ɗage dokar, mutanen tsaunukan kudu sun ci gaba da dafa ta a ɓoye don gudun haraji. Samarin da ke safararta cikin dare sukan ɗauki motar gida, su ƙara wa injin ƙarfi, su ƙara sifirin a baya don kada nauyin kaya ya tona asiri, a waje kuwa mota kamar kowace. Ranar hutu sai gardama ta tashi: motar wa ta fi gudu? Sai a share wani fili a bayan gari, a zagaye shi da katako, a gwada. Junior Johnson, wanda ya ci manyan tsere 50, sai da ya yi zaman gidan yari a 1956 saboda wannan harka.

Wani bakanike mai suna Bill France ne ya gaji da yadda masu shirya tsere ke gudu da kuɗin ƙofa su bar direbobi da hamma. A Disamban 1947 ya tara masu ruwa da tsaki a wani otal a Daytona, a Fabrairun 1948 aka kafa ƙungiyar NASCAR. Babban tserenta na farko na motocin da ba a taɓa musu komai ba an yi shi ranar 19 ga Yuni, 1949, a filin ƙasa na Charlotte. Glenn Dunaway ne ya fara isowa. Da aka leƙa ƙarƙashin motarsa sai aka tarar da sifirin irin na masu safara, aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper. Tun ranar farko aka nuna cewa mai duba mota ya fi mai tuƙa ta iko.

Wanda ya san hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin kakar tumatir ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan fasaha. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam, yankin ya zama matattarar motocin kaya. A Kwanar Gafan ana lodin kwanduna zuwa Legas, kuma tumatir ba ya jira. Bakaniken bakin titi a Kura ya san yadda ake ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki buhunan shinkafar da kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa mafarki ba. Ya san injin da zai shiga wace mota, in babu kayan sai a aika kasuwar Ƙofar Ruwa. Ilimin da ya haifi NASCAR ke nan, ba ƙari ba ragi, sai dai a can an kai shi cikin fili mai katanga.

Filayen nan iri-iri ne. Na Daytona zagayensa kilomita 4 ne, kuma a nan ake babban tseren shekara tun 1959, zagaye 200. Amma tsofaffin masoya wasan sun fi ƙaunar ƙananan filaye. Martinsville, wanda aka buɗe a 1947, zagayensa bai kai mita 850 ba: miƙe biyu da kwana biyu masu tsanani, inda birki ke yin ja saboda zafi. Motoci kusan 40 a wuri kamar wannan, ba yadda za a yi a wuce ba a gogi juna ba. Direba kan sa hancin motarsa ya ɗan ture na gabansa daga layi, kuma ba a ɗauke shi laifi ba muddin bai juya shi ba. In ya wuce gona da iri, ramuwa na nan tafe, ko a ranar ko a wani makon. Wanda ya ci a Martinsville ba kofi ake ba shi ba, dogon agogon katako ne mai tsayin mutum, al'adar da aka fara tun 1964.

A ƙasa da waɗannan akwai ɗaruruwan filayen ƙauye da ake tsere duk daren Asabar. Na Bowman Gray a birnin Winston-Salem, mai zagayen mita 400 kacal, ana yi a cikinsa tun 1949, kuma jikokin wasu direbobin farko na cikin masu fafatawa a yau, da gabar da suka gada. Da yawa daga irin waɗannan filaye na jar ƙasa ne, kuma mutum mafi muhimmanci a wurin shi ne mai tankar ruwa. In ya shayar da filin da yawa, ya zama taɓo. In ya rage, ƙura ta rufe idon kowa, ƙasa ta yi santsi. Kamar mai ban-ruwan shinkafa yake, da ido da tafin ƙafa yake gane ƙasa ta ƙoshi.

Kafin a tashi tsere sai an san wa zai tsaya a gaba, kuma a nan ne gardama ba ta ƙarewa. Tsohuwar hanya ita ce kowace mota ta fita ita kaɗai, a auna lokacinta, wadda ta fi sauri ta samu sahun farko. A 2014 NASCAR ta ce wannan ba ya jan masu kallon talabijin, ta koma sakin motoci rukuni-rukuni ana zubar da na baya. Sai direbobi suka gano cewa a manyan filaye wanda ya bi bayan wani ya fi gudu, domin na gaba ne ke tsaga masa iska. Kowa ya ƙi fita da fari. A Maris ɗin 2019, a filin Fontana na Kalifoniya, motoci 12 na zagayen ƙarshe suka yi ta jiran juna har lokaci ya ƙure, ba wanda ya samu aka auna shi. 'Yan kallo suka yi musu ihu. Kafin shekarar ta yi nisa aka koma mota ɗai-ɗai. Filayen ƙauye kuwa sun daɗe da maganin abinsu: gajerun tsere na share fage, wani wuri a jefa ƙuri'a, wani wuri ma a mayar da masu sauri baya don jama'a su ga an yi wuce-wuce. Wannan ya fi adalci ga mai kallo da ya biya kuɗin ƙofa.

Direba ake yi wa tafi, amma sau da yawa a wurin canjin taya ake cin tsere ko a faɗi. Mutum biyar ne ke tsallako katanga: mai jak, masu kwance taya biyu, mai ɗauko taya, da mai ɗura fetur da tulun da ya kai kusan kilo 40 a kafaɗa. Taya huɗu da mai, cikin sakan 10 ko ƙasa da haka. Gidan Wood na Bajiniya ne suka fara mayar da wannan aiki abin atisaye, har aka gayyace su suka yi wa direba Jim Clark aiki ya ci tseren Indianapolis a 1965. Tun 2022 noti ɗaya ne ke riƙe taya maimakon biyar, kuma a shekarar, duk motar da tayarta ta fice a fili sai an dakatar da shugaban ma'aikatanta da mutum biyu na tsere huɗu.

Saboda haka ba a jin kunyar canza ma'aikata. A Nuwamban 2010, a Texas, Chad Knaus, shugaban ma'aikatan direba Jimmie Johnson, ya ga yaransa na ɓata lokaci, sai ya sauke su ana tsakiyar tsere, ya ɗauko na motar Jeff Gordon da ta riga ta yi haɗari. Mutane da yawa sun ce ya ci fuskar yaran da suka yi masa shekaru suna wahala, kuma akwai gaskiya a maganar. Bayan mako biyu Johnson ya ɗauki kambunsa na biyar a jere. Shi ma Knaus, bayan kambu bakwai tare da Johnson, raba su aka yi a ƙarshen 2018 da nasara ta ƙafe.

Wasan yana da tabonsa. Wendell Scott, baƙar fata, direban tasi kuma bakanike daga Danville, wanda 'ya'yansa ne ke canza masa taya, ya ci tsere a Jacksonville ranar 1 ga Disamba, 1963. Aka ba wani Bature kofin, sai bayan jama'a sun watse aka amsa cewa shi ne ya ci. Iyalansa ba su karɓi kofi daga hannun NASCAR ba sai a 2021, shekara 30 da wani abu bayan rasuwarsa.

A Kano ba a rasa sha'awar gudu ba. Ana ganinta a wasan mota na ranar kai amarya, da samarin da ke juya mota a tsakiyar titi, da direbobin haya da ke rige-rigen cika lodi na biyu. Illar ita ce duk a kan hanyar jama'a ake yi, inda mai babur da ɗan makaranta da mai tallan rake ba su sa hannu a gasar ba. Ƙasar da ke da filin sukuwa da al'adar tseren dawaki ba baƙuwar tsari ba ce. Yankin Kura da Bunkure yana da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da marmara, da ruwan danne ƙura ko da tsakiyar rani, da makanikai. Abin da ya rage shi ne katanga mai ƙarfi, da ƙarfen kariya a cikin mota, da hular kwano, da motar asibiti a bakin fili, da mai duba mota wanda ba a saye shi. In ƙananan hukumomin yankin da ƙungiyoyin direbobi da na makanikai za su zauna da hukumar kiyaye haɗurra kan wannan, fili mai zagayen mita 400 ya isa a fara.