Kafin Ka Buga Rahoton Kamfani, Fara Auna Takarda

Duk akawun da ya taɓa miƙa wa manaja rahoton ƙarshen wata, aka duba aka tarar jimla ta gudu shafi na gaba ita kaɗai, ko kuwa layin kuɗi na gefen dama ya yanke, to ya san abin da muke nufi. Lissafi dai daidai ne, amma takarda ba ta karantuwa, alhali kuwa a kanta za a sa hannu a biya kuɗi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Injin buga takarda na IBM 1403 da ya fito a 1959 yana ɗaukar har harafi 132 a layi guda, shafi mai tsawon inci 11 kuma layi 66. A lokacin ma'aikaci kan zauna da fensir da takarda mai gida-gida, ya ba kowane harafi gidansa tukuna kafin ya taɓa na'ura.

Yau manhaja irin su Crystal Reports, wadda ta koma hannun kamfanin SAP a 2008, ta raba shafi kashi-kashi. Kan rahoto sau ɗaya yake fitowa, kan shafi kuwa yana dawowa a kowane shafi. Jiki yana maimaituwa ga kowane ciniki, ƙasan rukuni kuma nan ake tara jimlar kowane reshe. Wanda ya sa sunayen layuka a kan rahoto maimakon kan shafi, daga shafi na biyu mai karatu sai dai ya yi ta canka, wannan bashi ne ko riba?

Sai batun girman takarda, wanda mu a nan ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Takardarmu A4 ce, faɗi milimita 210, tsawo 297. Ta Amurka kuwa, wadda manhajoji da yawa ke zuwa a saite da ita, ta fi tamu faɗi da kamar milimita 6, ta kuma gaza ta tsawo da 18. In aka tsara a kan ta Amurka aka buga a tamu, gefen dama ne ke cikin haɗari, kuma can kuɗi ke zama.

Har ila yau a bar wa adadi fili. Gurbin da aka auna da dubbai ba zai ɗauki naira biliyan ba. Excel dai ya kyauta, yakan cika gurbin da alamar #### don ka farga. Kwanan wata ma a rubuta sunan watan, domin 03/04 a Legas uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris.

Saboda haka a gwada tsari da reshen da ya fi kowa ciniki da abokin cinikin da ya fi kowa dogon suna, a buga a kan takarda ta gaske, a ba wanda zai sa hannu ya duba.